Tabarau mai kai ɗalibi gidan majinyaci: tambayoyi da amsoshi kan fasahar VR a makarantun koyon aikin lafiya

Duk wanda ya taɓa zaman layi a asibiti ya ji wannan faɗan: "Me ya sa sai yanzu kika kawo shi?" Uwar yaro ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Amsar tana nan, tsawo ne da ita. Maigida ya yi tafiya, kuma ba a fita sai da izininsa. Kuɗin mota babu. An fara gwada maganin kemis kwana uku. Rafi ya kawo, ya raba ƙauyen da titi. Ma'aikacin da ke faɗan bai taɓa taka wannan hanyar ba, ga mutum arba'in na jiransa a waje.

Wasu makarantun likitanci da na aikin jinya, galibinsu a Amurka, sun fara amfani da fasahar VR don ɗalibi ya ga wannan doguwar amsar da idonsa tun kafin ya sa farar riga. Ga tambayoyin da malamai da ɗalibai suka fi yi a kai.

Wai mene ne VR ɗin?

Wani tabarau ne mai kauri da ake ɗaurawa a kai, ya rufe ido ruf. A cikinsa akwai ɗan allo da ke ba kowane ido nasa hoton, da na'urorin da ke bin motsin kai. Ka waiga hagu ka ga abin da ke hagu, ka ɗaga kai ka ga rufin ɗaki. Kafin minti biyu ƙwaƙwalwa ta fara ɗaukar wurin kamar da gaske kana can, har wani ya miƙa hannu zai dafa teburin da babu shi.

Iri biyu ake amfani da su a koyarwa. Akwai bidiyon da aka ɗauka da kyamara mai kallon kowace kusurwa a lokaci guda, kana tsakiyar mutane kana kallo, ba ka taɓa komai. Akwai kuma duniyar da kwamfuta ta zana, inda kake da hannuwa, ka ɗauki abu, ka zaɓi abin da za ka yi. Na biyun ya fi tsada nesa ba kusa ba.

Fasahar ba ta yau ba ce. Tun 1968 Ivan Sutherland ya haɗa irin wannan tabarau a Amurka, wanda sai da aka rataye shi daga silin da ƙarfe. Farashi ne ya sauko. A 2014 Facebook ya sayi kamfanin Oculus, mai ƙera irin wannan tabarau, a kan kusan dala biliyan 2, a shekarar kuma Google ya fito da Cardboard, akwatin kwali da ake zura waya a ciki. Zuwa 2020 ana sayar da tabarau na Oculus mai suna Quest 2 dala 299, kuma ba sai an jona shi da kwamfuta ba. Daga nan makarantu suka fara iya saye.

Me ake nufi da yanayin rayuwa da ke juya lafiyar mutum?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce shi ne yanayin da aka haifi mutum a ciki, ya girma, ya zauna, ya yi aiki, ya tsufa, haɗe da tsare-tsaren da suka sa yanayin ya zama haka. Wato samun kuɗi, ilimi, muhalli, ruwan sha, abinci, hanya, irin sana'a, matsayin mace a gida, wariya. Bahaushe ya riga ya faɗi abin: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙwayar cuta ita ce ƙadangaren. Wannan darasin kan tsagar bangon yake.

Farfesa Michael Marmot na Birtaniya yana kiran waɗannan abubuwa sanadin sanadi. Shi ya jagoranci kwamitin da Hukumar ta kafa a 2005, wanda ya fitar da rahotonsa a 2008. Misalin da aka fi tunawa daga rahoton na birnin Gilasgo ne: yaron da aka haifa a unguwar Calton ana sa ran zai yi shekara 54 a duniya, na Lenzie, 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, shekara 82. Ƙasa ɗaya, asibitocin gwamnati iri ɗaya kuma kyauta, amma shekara 28 tsakani.

Kafin wannan akwai binciken Whitehall da aka fara a 1967 kan ma'aikatan gwamnati maza kusan 18,000 a Landan. An gano cewa na matakin ƙasa, irin su masinjoji da masu tsaron ƙofa, mace-macensu ya kai ninki uku na manyan jami'ai. Abin da ya fi ɗaure kai, lamarin hawa-hawa ne: kowane mataki ya fi na ƙasa da shi lafiya, na sama da shi kuma ya fi shi. Shan sigari da hawan jini sun bayyana wani ɓangare ne kawai na tazarar.

Mu ma ba sai mun je nesa ba. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara. Dalma ce ta kashe su, haka ne. To me ya kawo dalmar tsakar gida? Farashin zinare ya tashi, noma ba ya riƙe gida, aka riƙa kawo duwatsun ma'adinai cikin gidaje ana daka ana niƙa a inda yara ke rarrafe. Wannan shi ne sanadin sanadi.

Ai kowane ɗalibi ya san talauci na kawo cuta. Me kuma za a koya masa?

Ya sani a takardar jarrabawa. Ka ce ya lissafa abubuwa biyar da ke hana mai ciwon suga shan magani, zai ba ka bakwai. Ka zaunar da shi gaban tsohuwar da sugarta ta hau, sai ka ji yana cewa, "Mama, ba kya jin magana." Ilimin yana kansa, bai sauko bakinsa ba.

Ni kaina na taɓa rubuta wa wata baiwar Allah mai hawan jini a katinta cewa ba ta shan magani yadda aka ce. Sai daga baya 'yarta ta gaya mini cewa raba kowace ƙwaya biyu take yi, don maganin sati biyu ya kai ta ƙarshen wata. Ban tambaya ba, ita kuma kunya ta hana ta faɗa. Abin da na rubuta ya zauna a katin, duk wanda ya gan ta bayana da shi zai fara.

Akwai kuma wani abin takaici da bincike ya nuna. A 2009 Mohammadreza Hojat da abokan aikinsa a kwalejin likitanci ta Jefferson da ke Filadelfiya suka wallafa cewa tausayin ɗalibai ga majinyata na faɗuwa sosai a shekara ta uku, daidai lokacin da suka fara shiga ɗakunan marasa lafiya. Gajiya, yawan aiki, da kwaikwayon manyan da suka riga suka bushe. Malamai na neman abin da zai tare wannan, shi ya sa suka waiwayi tabarau. Gani ya kori ji.

Idan ɗalibi ya sa tabarau, me yake gani?

Misalin da ya fi kusa da batunmu na Jami'ar Ohayo ne. Yankin Appalachia da ke kudu maso gabashin jihar wuri ne na tsaunuka da tsofaffin garuruwan haƙar kwal, talauci ya yi katutu, ciwon suga ya yi yawa. Farfesa Elizabeth Beverly da masu shirya bidiyo na jami'ar suka ƙirƙiro wata tsohuwa, Lula Mae, mai shekara 72, mijinta ya rasu, tana fama da ciwon suga. Ita ke jinyar ɗanta baligi da ya samu rauni a ƙwaƙwalwa a haɗarin mota, ita ce kuma madogarar jikoki. Ɗalibi na shiga gidanta, ya tsaya a kicin ɗinta, ya bi ta wurin likita. Yana ganin wahalar abin hawa, ƙarancin abinci, da yadda kowa a gidan ke gaba da ita wajen kashe ɗan abin da ke hannu. Gajerun ɓangarori ne, a kalla, a cire tabarau, a tattauna, a koma. Da ɗalibi ya zo inda likita ke mata bayanin abincin da ya dace da mai suga, ya riga ya san abin da ke cikin kicin ɗin, sai bayanin ya yi masa nauyi a kunne.

Wani kamfani mai suna Embodied Labs ya bi ta wata hanyar. A nasa shirin kai ne majinyacin: Alfred, dattijo baƙar fata mai shekara 74, tsakiyar ganinsa ya dushe, kunnensa ya yi nauyi. Baƙin tabo na bin duk inda ka kalla. Iyalinka na magana a kanka kamar ba ka wurin. A asibiti a miƙo maka gwajin ƙwaƙwalwa, ka kasa, alhali hankalinka garau yake, umarnin ne ba ka ji ba, takardar kuma ba ka gani. Jami'ar New England da ke jihar Maine ta sa ɗalibanta na likitanci yin wannan, minti bakwai ne kacal.

A Jami'ar Stanford, ɗakin binciken Jeremy Bailenson ya shirya wanda za ka rasa aiki, ka riƙa zaɓar kayan ɗakinka kana sayarwa don biyan haya, a ƙarshe a kore ka, ka kwana a mota, daga baya a bas. Farfesa Courtney Cogburn ta Jami'ar Kolambiya kuma ta haɗa kai da su suka yi na wariyar launin fata a 2018, inda kake zama Michael Sterling, kana yaro a aji, kana matashi gaban 'yan sanda, kana babba wurin neman aiki.

Yana aiki kuwa, ko burgewa ce kawai?

Yana yin wani abu, amma bai kai yadda masu tallarsa ke faɗa ba.

Binciken Stanford da aka wallafa a 2018 ya kwatanta waɗanda suka shiga tabarau da waɗanda aka ba labarin rashin muhallin a rubuce. Da aka kawo takardar neman a gina gidaje masu sauƙin kuɗi, kashi 82 cikin 100 na 'yan tabarau suka sa hannu, na masu karatu kashi 67. An bi su har mako takwas, sauyin ra'ayin 'yan tabarau ya fi daɗewa. Wannan sakamako ne mai kyau, don sa hannu aiki ne, ya wuce faɗa da baki.

Sai dai a 2021 Alison Jane Martingano da abokan aikinta suka tattara bincike 43 da suka ƙunshi mutum sama da 5,600. Suka ga VR na ɗaga tausayin zuciya, wato ka ji abin ya taɓa ka, amma ba ya ƙara wa mutum iya fahimtar yadda wani ke tunani da dalilin da ya sa ya yi abin da ya yi. Kuma na'ura mai tsada ba ta fi bidiyo mai sauƙi tasiri ba. Dalilin da suka kawo ya shiga hankali: tabarau ya gama yi maka aikin, ba ka wahalar da kanka wajen hasashen halin wani ba. Ga ma'aikacin lafiya kuwa, wannan fahimtar ita ce abin nema. Hawaye ba sa rubuta magani mai araha.

Ƙari a kan haka, yawancin binciken da aka yi a makarantun lafiya ƙananan rukunoni ne, kuma da takardar tambayoyi ake aunawa jim kaɗan bayan cire tabarau. Wanda ya gama kallon tsohuwa tana wahala, da wuya ya cike takarda ya ce bai ji komai ba.

Zai iya yin illa?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ne ya fi damuna.

Arielle Silverman, masaniyar halayyar ɗan'adam wadda ita kanta makauniya ce, ta wallafa a 2015 abin da ya faru da aka rufe wa ɗalibai ido na ɗan lokaci aka sa su ayyuka. Bayan sun buɗe ido, sai suka ƙara ganin makafi ba za su iya aiki ko zaman kansu ba. Abin da suka ɗanɗana firgicin ranar farko ne. Makahon da ya shekara ashirin yana zuwa kasuwa da sandarsa ba haka yake ji ba. Haka nan wani wasan intanet mai suna Spent, inda ake ba ka dala 1,000 ka ƙarasa wata da ita: binciken Gina Roussos da John Dovidio na 2016 ya nuna wasan na iya ƙara wa mai yin sa imanin cewa talauci abu ne da mutum ke iya juyawa da dabararsa. Tunda wasan zaɓi yake ba ka, sai ka fito kana ganin talaka zaɓi ne bai iya ba.

Ga kuma hatsarin ɗalibi ya cire tabarau ya ce wa majinyaciya, "Na san yadda kike ji." Bai sani ba. Minti bakwai ya yi, sannan ya tafi cin abincin rana. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Idan darasin ya ƙare a kan ganin tausayi, ɗalibi zai riƙa kallon talaka a matsayin abin jin ƙai marar dabara, alhali matar da ke raba ƙwaya biyu lissafi take yi mai zurfi da ɗan abin da take da shi.

To yaya ake gudanar da darasin don kada a faɗa wannan ramin?

Tabarau shi ne ƙaramin ɓangaren. In an yi minti goma a ciki, a ware aƙalla rabin awa na tattaunawa, ɗalibai kada su wuce goma zuwa goma sha biyu, da malamin da ya san aikin.

Tambayar farko "me ka gani?" ce, "me ka ji?" ta biyo baya. Me ke cikin tukunya? Ina maganin yake ajiye? Wa ke riƙe da kuɗin gidan? Daga nan a matsa: cikin abubuwan nan, wanne ne zaɓinta, wanne aka zaɓa mata? Wa ya yanke shawarar inda titi zai tsaya, da inda za a gina ɗakin shan magani? In ba a kai ga irin wannan tambayar ba, an tsaya a labarin mutum ɗaya, ba a taɓa tsarin da ya haifar da dubu irinta ba. A ƙarshe kowane ɗalibi ya faɗi tambaya ɗaya da zai ƙara a cikin waɗanda yake yi wa majinyaci daga gobe. In da hali, a gayyato wanda ya rayu cikin irin halin ya zauna a tattaunawar, a biya shi ladan lokacinsa, ya gyara wa ɗalibai inda bidiyon ya kauce.

Ai mu nan muna tura ɗalibai ƙauye. Tabarau zai maye gurbin wannan ne?

A'a, kuma duk makarantar da ta soke zaman ƙauye saboda ta sayi tabarau ta yi asara. Zuwa da kai ya fi aike. Jami'ar Ibadan na kai ɗalibanta Igbo-Ora tun 1963, ɗaliban Zariya sun san Yakawada, na Kano sun san Kumbotso. Warin kwata, nauyin jarkar ruwa, zaman tabarma ana gaisawa da mai gari, babu na'urar da ke ba da waɗannan.

Amma zaman ƙauye na da inda ba ya kaiwa. Ɗalibi namiji a zaure yake tsayawa, bai taɓa ganin ɗakin da mai jego ke kwana da hayaƙin murhu ba. Da rana ake zuwa, naƙuda kuwa ta fi son tsakar dare. Galibi da rani ake zuwa, lokacin da mota ke iya shiga. In baƙi sun zo kuma akan share gida, a ɓoye abin da ake jin kunya. Sannan akwai ƙananan hukumomin da rashin tsaro ya sa babu shugaban makarantar da zai yarda ya tura 'ya'yan mutane, kuma nan ne aka fi bukatar a fahimci halin da ake ciki. A irin waɗannan giɓin tabarau ke da amfani. Mafi kyau a yi shi kafin tafiya, don ɗalibi ya isa ƙauye ya riga ya san abin da zai duba.

Za mu iya ɗauko na Amurka mu nuna wa ɗalibanmu?

Malamai su kalla don su ga yadda ake tsara abin. Ga ɗalibai kuwa, amfaninsa kaɗan ne. Matsalar Lula Mae da gaske ce, amma ɗalibin da ya taso a Gusau ko Maraɗi zai ga gida mai wuta da firji, ya ce wannan ai mai hali ce. Sai darasin ya juye.

Namu labarin muke bukata, kuma tsarinsa ma a shirye yake. A 1994 Sereen Thaddeus da Deborah Maine suka bayyana jinkiri uku da ke kashe mata wajen haihuwa: jinkirin yanke shawarar tafiya asibiti, jinkirin isa, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. A ɗauki dare ɗaya. Kashi na farko a ɗakin mai naƙuda, uwar miji na cewa a ƙara haƙuri, ungozoma na iya ƙoƙarinta, ana ta kiran wayar maigida ba ta shiga. Na biyu a bakin hanya, ana ciniki da mai mota ƙarfe biyun dare. Na uku a asibiti, an ce a nemo jini, a sayo safar hannu da ruwan ƙari, a Najeriya, ƙasar da sama da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya daga aljihun majinyaci yake fitowa. Kashi na ukun shi ne mai zafi, domin a nan ɗalibi zai ga mai farar riga daga idon wadda ke kwance, ya ji faɗan nan na "sai yanzu" bayan ya kwana yana ganin dalilin.

Masu iya aikin suna nan. Judith Okonkwo ta buɗe cibiyar Imisi 3D a Legas tun 2016, Joel Kachi Benson kuma ya ci kyauta a bikin fina-finai na Venice a 2019 da gajeren fim ɗin VR kan iyayen 'yan matan Chibok. 'Yan wasan da za su yi uwar miji da ungozoma da Hausar da ta dace kuwa, Kano ba ta rasa su ba.

Kuɗi fa, da wutar lantarki?

Tabarau mai zaman kansa na aiki kamar awa biyu kafin a sake caji, kuma in an sauke bidiyon a ciki ba ya bukatar intanet. Guda goma sun ishi aji in ana shiga rukuni-rukuni. Wanda bai da halin wannan, wayar hannu da akwatin kwali ko na roba sun wadatar ga bidiyo. An gwada haka a nan gida: wani bincike da aka wallafa a 2021 ya yi amfani da wayoyi da tabarau mai araha wajen sabunta wa ma'aikatan jinya da ungozomomi horon farfaɗo da jarirai a Legas da yammacin Kenya.

Babban kashin kuɗin na wajen shirya labarin ne, rubutu da 'yan wasa da ɗauka da tacewa. Shi ya sa ya fi dacewa makarantu da yawa su haɗu su yi guda ɗaya mai kyau su raba. In kuma shugaban makaranta zai zaɓa tsakanin tabarau da man motar kai ɗalibai ƙauye, ya sayi man.

Ba ya sa jiri?

Yana sa wa wasu jiri da tashin zuciya, musamman in kyamara na motsi jikinka kuma na zaune. A zauna a kujera, kada a wuce minti goma zuwa goma sha biyar a zama ɗaya, wanda ya ji ba daɗi ya cire nan take. Mai farfaɗiya ya kalla a allo. A goge inda ke taɓa fuska bayan kowane mutum, lokacin da ciwon ido ke yawo kuwa a ƙara kula. Ana sa shi a kan hijabi ba matsala.

Ina mutuncin mutanen da ake nunawa?

Shiga gidan talaka da kyamara mai ganin kowane lungu ba ƙaramin abu ba ne. Irin wannan kyamarar ba ta da bayan fage, tana ɗaukar shanyar da ke igiya da yaron da ke wanka a gefe. Shi ya sa na fi son a yi da 'yan wasa, a gina labarin daga hirarraki da mutanen wurin, sannan a nuna musu kafin a nuna wa kowa. In sun ce ba haka muke ba, a gyara. A nuna maƙwabciyar da ta ba da bashi, da adashin da ya biya kuɗin jini, don gidan talaka ba wahala kaɗai ke cikinsa ba.

A kuma tuna cewa a cikin ajin akwai wanda wannan gidan irin nasu ne, wata ma a haka mahaifiyarta ta rasu. A faɗa wa ɗalibai abin da za su gani tun kafin su sa tabarau, a ba kowa damar fita, kuma kada malami ya juya ya ce, "Wane, kai da ka fito ƙauye, ba mu labari."

Bayan ɗalibi ya gane, me zai iya yi? Ba shi zai gina titi ba.

Abin da ke hannunsa ya fi yadda yake zato. Zai iya tambayar nawa mutum ya kashe kafin ya iso, kuma wa zai sayi maganin. Zai iya rubuta mai araha da ke aiki iri ɗaya, ko wanda ake sha sau ɗaya a rana. Zai iya haɗa ranar gwaji da ranar ganin likita, ya sa ta ranar kasuwa lokacin da motoci ke fitowa daga ƙauyen. Zai iya sanin ƙofar ofishin jin daɗin majinyata a asibitinsa. Zai iya rubuta "kuɗin magani ya gagara" a kati a maimakon "ba ta bin umarni", wanda kuma ya zo bayansa ya nemi mafita a maimakon ya ɗora faɗa.

Akwai kuma babban mataki. A 1848 gwamnatin Prussia, wata tsohuwar daular Jamusawa, ta tura matashin likita Rudolf Virchow ya binciki annobar zazzaɓi a yankin Silesia. Ya dawo da rahoton da ke neman ilimi, ingantaccen abinci da 'yancin jama'a a matsayin maganin. A Zamfara ma likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun san ba amfanin ba yaro maganin fitar da dalma ya koma ya yi wasa a ƙasar da ta sa masa ita. Sai da aka matsa wa gwamnati ta saki kuɗin kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega a 2013, sannan jinyar yaran garin ta yiwu. Ma'aikatan lafiya na cikin waɗanda suka yi ta magana har aka saki kuɗin, domin su ke riƙe da alƙaluman jinin yaran.

Ta yaya malami zai gane darasin ya shiga?

Kada ya dogara da takardar da aka cike a ranar. Ya bari a yi wata uku. A jarrabawar gwaji da ake sa wani ya yi kamar majinyaci, a kawo dattijo mai ciwon suga da za a fara wa allurar insulin, a hana shi faɗin komai game da gidansa sai an tambaye shi. Malami ya zauna a gefe da takardarsa. Ɗalibin ya tambayi ko akwai firji, ko wuta na samuwa, ko akwai randa mai sanyi a ɗaki? Ya tambayi sau nawa ake ɗora tukunya a gidan, tunda allurar ba ta son a yi ta ciki babu komai? Ya tambayi ko dattijon na ganin lambobin da ke jikin sirinji, in ba ya gani wa zai ja masa? Sai a kwatanta waɗanda suka sa tabarau da waɗanda aka karanta wa labarin a aji, a ga su wa suka fi yin waɗannan tambayoyin.